Wai Dole Sai Mun Sayi Sabuwa? Raddi Ga Masu Raina Kwamfutar Talaka

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin masu sayar da kwamfuta da masu ji da kansu a harkar wasan gem, wadda na daɗe ina haɗiyewa har ta kai ga ta tsaya mini a maƙogwaro. Maganar kuwa ita ce: “Kwamfutarka ba za ta ja ba, ka sayi sabuwa.” Da zarar yaro ya yi ƙorafin cewa wasa yana tsinkewa ko yana tafiyar hawainiya, kafin ya rufe baki an jefe shi da wannan amsa. Babu mai tambayarsa wane irin inji ne a cikinta, babu mai duba saitin wasan, balle a tambaye shi yadda aka yi ya haɗa kuɗin wadda ke hannunsa. To ni dai yau na ce ba zan yi shiru ba.

Abin da ya tunzuro ni kuwa ɗan ƙanwata ne. Yaron nan ya yi kusan shekara biyu yana taya wani tela aiki bayan an tashi daga makaranta, yana tara ’yan canjinsa, har ya sayi wata laftof kwancen Turai. Don karatu ya saye ta, amma yaro yaro ne, in dare ya yi yana son ya ɗan taɓa wasan tseren mota. Sai ya kasance da motar ta fara gudu sai hoto ya daskare, ya saki, ya sake daskarewa. Na ɗauke shi muka je kasuwa wurin wani mai shago. Mutumin nan ko buɗe ta bai yi ba, ya juya ta sama da ƙasa ya ce da ni, “Alhaji, ai wannan ta gama yayi. Ka cika masa kuɗi kawai ya ɗauki waccan.” Da ya faɗi kuɗin waccan ɗin sai da na nemi wurin zama. A hanyar komawa gida yaron ya dube ni ya ce, “Kawu, ko dai haƙura zan yi?” Na ce masa ba a haƙura da abin da ba a gwada ba.

Ranar Asabar muka shimfiɗa tabarma muka kwance bayanta. Ƙurar da muka tarar a bakin fanka ta yi kauri kamar tsumma. Muka share, muka ƙara mata ram guda a gurbin da muka tarar fanko, muka shiga cikin wasan muka rage abubuwan da zan yi bayaninsu nan gaba. Kafin la’asar mota tana gudu babu tangarɗa. Hoton bai kai na talla kyau ba, wannan gaskiya ne, amma ana wasa ana jin daɗi, kuma abin da muka kashe bai taka kara ya karya ba in aka gwada da abin da mai shago ya nema. Tun daga ranar nake tambayar kaina: mutum nawa aka raba da kuɗinsu, ko aka raba da sha’awarsu, da wannan magana ta “sayi sabuwa”?

Mai shago dai ciniki yake nema, nasa mai sauƙi ne. Waɗanda na fi jin haushi su ne manyan kamfanonin da ke ƙera wasannin, domin daga bakinsu maganar ta samo asali. A watan Satumba na 2023, da wasan Starfield ya fito, ɗan jarida ya tambayi jagoran aikin, Todd Howard, dalilin da ya sa ba su daidaita wasan don kwamfuta ba. Amsar da ya bayar ita ce sun daidaita, sai dai mai yiwuwa mutum ne ke bukatar ya sabunta kwamfutarsa. To, bayan wata biyu kacal, a Nuwamba, kamfanin ya fitar da gyara, sai ga wasan ya ƙara sauri a kan kwamfutocin nan dai da aka ce su ne da laifi. Ya kai mai karatu, in kwamfutar ce matsala, ina aka samo ƙarin saurin? Ko cikin dare aka bi gida-gida aka sauya wa mutane inji? Haka kuma a Satumba ta 2025, da jama’a suka yi ca a kan Borderlands 4, shugaban kamfanin, Randy Pitchford, ya fito ya ce wasan na manya ne, an yi shi don masu manyan injuna. Wato dai ka biya kuɗinka, wasa ya ƙi tafiya, sannan a gaya maka ba ka kai ba.

Kada wani ya ce zargi kawai nake yi, bari in kawo labarin da ya fi kowane tona asiri. Shekara da shekaru masu buga GTA Online suna zaman jiran wasan ya buɗe, wani minti biyar, wani shida, ana ce musu kwamfutarsu ce ba ta da ƙarfi. A 2021 wani mai rubuta manhaja da ke kiran kansa t0st ya zauna a ɗakinsa ya bi diddigin abin. Sai ya gano wasan yana karanta wani ɗan fayil ne mai nauyin megabait 10, mai ɗauke da jerin kaya kusan 63,000, ta wata hanya ta wauta: duk lokacin da zai karanta abu ɗaya sai ya sake auna tsawon fayil ɗin, sannan ya gwada abin da duk waɗanda suka gabace shi. Mutum ɗaya ya gyara wannan, lokacin jira ya ragu da kusan kashi 70 cikin ɗari. Kamfanin Rockstar ya amsa cewa gaskiya ne, ya saka gyaran a wasan, ya ba shi ladan dala 10,000. Yanzu a lissafa mini mutanen da suka sayi sabon inji a tsawon waɗannan shekaru saboda kuskuren da ba nasu ba. Wa zai mayar musu da kuɗinsu?

Kuma ba wannan kaɗai ba ne. A watan Yuni na 2015 sai da Warner Bros. ya janye Batman: Arkham Knight na kwamfuta daga kasuwa saboda lalacewarsa, bai dawo da shi ba sai Oktoba. A Disamba ta 2020 kamfanin Sony ya cire Cyberpunk 2077 daga shagonsa na PlayStation, ya yi wata shida a waje. A Oktoba ta 2023 aka saki Cities: Skylines II, wasan gina birni, bayan masu shi da kansu sun yi gargaɗin cewa bai kai saurin da suka so ba, da masu bincike suka leƙa cikinsa sai suka tarar ’yan mitsi-mitsin mutanen da ke yawo a titi an zana musu har da haƙora, alhali mai wasa daga sama yake kallon garin. Duk waɗannan sun wahalar har da masu injunan miliyoyi. In mai doki ya kasa hawa tudu, mai jaki ma ya kasa, ai sai a duba tudun.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne sun iya, in sun ga dama. Na’urar Nintendo Switch ta 2017 ram ɗinta gigabait 4 ne kacal, injinta kuma dangin na wayar hannu ne. Amma da aka ga akwai miliyoyin masu saye, sai ga Doom na 2016 a kanta a 2017, sai ga The Witcher 3 a 2019, sai ga Hogwarts Legacy a 2023. An rage ciyawa, an rage inuwa, an matse hoto, amma wasa ya tafi daga farko har ƙarshe. Da Steam Deck ta fito a 2022, ’yar na’urar hannu mai allo 1280 da 800, kamfanoni suka shiga rige-rigen nuna cewa wasansu yana tafiya a kanta. Kamfanin Riot kuwa da ya saki Valorant a 2020, ya tsara shi ne yadda zai tashi har a kan Intel HD 4000, injin hoton da ke cikin laftof tun 2012. Ashe ba ilimi ne ya yi ƙaranci ba. Inda suka hango kasuwa suna durƙusawa su yi aikin. Inda ba su hango ba sai su ce mu ne ba mu waye ba.

Dubi Doom ma kawai. Na farko ya fito a 1993, yana tashi a kan kwamfuta mai ram megabait 4, kuma masu shi suka saka maɓallin da mutum zai rage girman hoton in injinsa ya gaza, don kada kowa ya tashi a tutar babu. Doom: The Dark Ages na 2025 kuwa ko buɗewa ba zai yi ba sai katin girafik ɗinka yana da fasahar bin sawun haske. Mai GTX 1080 Ti, katin da a 2017 ake yi wa kirari, yana tsaye a bakin ƙofa. Daga gidan da aka san shi da karɓar kowa aka koma gidan da ake tambayar takardar gayyata.

Wai shin su waye ma suke ɗauka suna sayen wasanninsu? Ƙididdigar da kamfanin Valve ke fitarwa duk wata game da injunan masu amfani da Steam ta nuna cewa katin GTX 1060, na 2016, shi ya yi shekaru yana kan gaba, kuma da aka ture shi a ƙarshen 2022, GTX 1650 ne ya hau, wanda shi ma na masu ƙaramin ƙarfi ne. Wato ko a Turai da Amurka akasarin jama’a ba masu manyan injuna ba ne. Balle mu. Katin RTX 4060 ya fito a 2023 a kan dala 299. A 2024 dala ta haura naira 1,500, mafi ƙarancin albashi kuma aka mayar da shi naira 70,000. Ka buga lissafi: kusan naira 450,000, albashin sama da wata shida ba ci ba sha, kuma kati kaɗai ke nan, ba a zo maganar sauran kwamfutar ba, ba a zo kuɗin jirgi da ribar ɗan kasuwa ba. Sannan a ƙarshen 2025 farashin ram ya yi tashin gwauron zabi a duniya saboda kamfanonin ƙirƙirarriyar basira suna kwashewa. Wanda ya san wannan lissafi kuma ya iya buɗe baki ya ce wa ɗalibi “sayi sabuwa”, ko dai bai san inda yake ba, ko kuma bai damu ba.

Na san abin da za a ce mini. Za a ce duniya gaba take yi, ba za a tsayar da fasaha don jiran mai tsohuwar laftof ba. Na yarda, kuma ban ce a tsaya ba. Tun 2007 wasan Crysis ya durƙusar da injunan zamaninsa, amma ko makaho ya shafa ya san an yi aiki, kuma wanda ya sauke saiti ƙasa yana samun shiga. Abin da nake ƙi shi ne wasa ya ci ninkin ƙarfi, ido bai ga ninkin kyau ba. Za a kuma ce ƙera wasa aiki ne mai wuya. Haka ne, kuma ba da ma’aikatan da ke kwana a ofis nake ba. Da shugabannin da ke yanke ranar saki kafin aiki ya nuna nake, waɗanda suka mayar da mai saye ɗan gwaji: a sayar masa yau, a gyara baɗi. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Sannan ban ce kowace kwamfuta za ta ja kowane wasa ba. Akwai iyaka, kuma wanda ya ce maka laftof ta ofis mai shekara goma za ta buɗe duk abin da ya fito bana, ƙarya yake yi. Amma tsakanin “ba za ta ja komai ba” da “za ta ja komai” akwai fili mai faɗi, kuma a nan akasarinmu muke.

Tunda na yi suka, wajibi ne in faɗi mafita, kuma zan faɗe ta bisa tsarin da ya kamata a bi. A fara da zafi. Furosesa in ta doshi maki 95 zuwa 100 a ma’aunin zafi, da kanta take rage gudu don kada ta ƙone. Shi ya sa za ka ga wasa ya fara lafiya lau, bayan minti goma ya soma ɗingishi. Mu da muke shan ƙurar hunturu da zafin bazara mun fi kowa bukatar sanin wannan. A buɗe a share fanka, a sauya man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen da ke ɗauke mata zafi in ya bushe, a daina ɗora laftof a kan katifa ko filo. Sannan a yi wasa caja tana jone, domin yawancin laftof suna rage ƙarfinsu da zarar sun koma kan batir. Wannan kaɗai ya isa ya warware matsalar mutane da yawa, kuma kusan kyauta ne.

Na biyu ram. Laftof da ba ta da katin girafik na daban, daga ram ɗin kwamfutar take aron wurin ajiye hoto. In ram ɗin guda ɗaya ce, hanya ɗaya kaya ke bi. In biyu ne masu kama da juna, hanya ta zama biyu. Saboda haka gigabait 4 guda biyu sun fi gigabait 8 guda ɗaya amfani a irin wannan inji, abin da mai shago ba zai gaya maka ba. Shi kuwa SSD, a san abin da yake yi: yana rage jiran buɗewa da tsinkewar da ke zuwa in ana shiga sabon wuri a cikin wasa, amma ba ya ƙara yawan hoton da inji ke zanawa. Kada a saye shi da tsammanin abin da ba aikinsa ba.

Na uku saitin wasan, kuma a nan ne babbar riba take. Allo mai 1920 da 1080 ɗigo 2,073,600 ne inji zai zana a kowane hoto guda. In ka sauko 1280 da 720, ɗigo 921,600 ne, bai kai rabi ba. A ƙaramin allon laftof bambancin bai kai yadda ake zuzuta shi ba. Bayan wannan sai a sauke inuwa, a kashe bin sawun haske in akwai, a rage kyallin ruwa da madubi, hazo, ciyawa, yawan jama’ar titi da nisan da ido ke hangowa. Laushin zanen jikin abubuwa kuwa ya danganta ne da yawan ma’ajiyar katin girafik: in tana da yawa a bar shi, in kaɗan ce a sauke, don in ta cika wasa tsinkewa yake yi. A riƙa sauya abu ɗaya a gwada, kada a hargitsa komai lokaci guda a rasa wanda ya yi aiki. In wasan yana da FSR, fasahar da AMD ya fitar a 2021, a kunna. Tana zana hoto ƙarami ta buɗa shi, kuma tana aiki har a katin Nvidia da Intel, saɓanin DLSS da ke bukatar katin RTX. Amma a yi hattara da wadda ke cusa hotunan ƙarya a tsakani don lamba ta hau: in asalin gudun ya yi ƙasa, ido zai ga sauri, hannu kuwa zai ji nauyi.

Na huɗu, a daina bautar lamba. Hoto 30 a daƙiƙa da ke zuwa daidai wa daida ya fi 50 da ke faɗowa 20 ya sake tashi daɗin wasa. In injinka yana kai-komo, ka ɗaure shi a 30, zafi ya ragu, fanka ta huta. Miliyoyin mutane sun ƙare manyan wasanni a PlayStation 4 a kan 30 ɗin nan ba su mutu ba. Ba girin-girin ba, ta yi mai. A ƙarshe a rufe burauza da sauran manhajojin da ke cin ram a ɓoye, a kuma sauke direban katin girafik, wato manhajar da ke haɗa kati da wasa, daga wurin kamfanin da ya ƙera katin kai tsaye.

To amma laifi tudu ne, bari in taka namu. Mu ma muna da hali. Yaro zai ga bidiyo an ce ga wata manhaja da za ta ninka masa gudun wasa sau uku, ko ta “sauke” masa ƙarin ram daga intanet, ya ruga ya saka. Ram ƙarfe ce da ake riƙewa a hannu, ba a sauke ta. Mafi kyawun waɗannan manhajoji abin da suke yi bai wuce rufe abubuwan da kai ma za ka iya rufewa ba. Munanan cikinsu kuwa talla da bairos suke shigo maka da su. Haka wasannin sata da ake loda wa mutane a kasuwa: wasu suna zuwa da ɓoyayyar manhajar haƙar kuɗin kirifto, injinka yana yi wa wani ƙato aiki dare da rana, kai kana zagin kwamfuta. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Mai cewa ka kashe rigakafin bairos don wasa ya yi sauri ba masoyinka ba ne. Mai cewa ka tilasta wa furosesar laftof gudun da ya wuce ƙa’idarta a cikin zafin watan Afrilu, shi ma haka. Kuma wanda zai taɓa fayilolin wasa don rage nauyi, ya tsaya a wasan da yake bugawa shi kaɗai; a na intanet ana iya ɗaukarsa mai maguɗi a kore shi.

Saura abu guda, wanda shi ne makaminmu na gaske: aljihu. Kada a biya kuɗin wasa kafin ya fito. A jira a ga yadda ya yi a kan inji irin naka, a jira gyara, a jira ragi, domin wasan da ya shekara ya fi arha kuma ya fi lafiya. Wanda ya saya a Steam ya sani cewa ƙa’idarsu ta ba shi damar neman kuɗinsa cikin kwana 14 matuƙar bai buga awa biyu ba; in wasa ya ƙi tafiya a mayar musu da kayansu. Warner Bros. bai janye Batman don tausayi ba, jama’a ne suka yi ta mayar masa da shi. Kamfani ba ya jin zagi, amma yana jin asara.

Ku kuwa masu manyan injuna da ke yi wa yara dariya don suna wasa a 720, ku ji tsoron ranar da za a ce da ku naku ma ya gama yayi, domin mai GTX 1080 Ti ma ya taɓa yin dariyar. Yaron da ya san dalilin da ya sa fankarsa ke kuka, ya san abin da inuwa ke ci da abin da ram ke yi, ya fi wanda kawai ya zaro kuɗi ya biya sanin kwamfuta nesa ba kusa ba. Ɗan ƙanwata yanzu shi abokansa ke kawo wa nasu ya duba, har ya sayi ’yan sukundireba ya ajiye a gwangwani. Rannan na ji shi yana gaya wa wani, “Kada ka sayar tukuna, kawo mu buɗe mu gani.” Na yi murmushi na wuce, domin amsar da ya kamata mai shago ya ba mu ke nan tun ranar farko.